Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, ka haɗa matata

Bara, bayan damina ta ɗauke, ni da ɗalibaina muka gina ɗan tafkin siminti a bayan aji nan Gallabat, muka zuba 'ya'yan tarwaɗa. Sati uku bai cika ba, wata safiya muka tarar rabinsu sun juya ciki sama. Kuma wallahi ruwan garau yake, har gindin tafkin ana gani. Kuɗin da yara suka tara ya tafi, laifin kuma nawa ne.

Abin da ya kashe su amoniya ce. Kifi na fitar da ita daga jikinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta.

Masu zama bakin kogin Atbara suna iya sauya ruwa duk kwana uku. Mu da muke sayen ruwa a keken jaki da rani, bayan hafir ya ƙafe, ina muka ga wannan gata? Shi ya sa nake cewa matata ta fi mana komai.

Haɗa ta ba wuya: birmil ɗaya, tsakuwa a ƙasa, soso a sama, sai ƙaramin famfo mai aiki da sola da zai riƙa zagaya ruwan. Soso ya tare kashi da datti. A jikin tsakuwar kuwa wasu ƙwayoyin halitta ke zama, su mayar da amoniya naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ga shuka ma taki ne. Sai sun yi sati huɗu zuwa shida kafin su kafu, don haka a fara da kifi kaɗan. Kada a wanke tsakuwar da sabulu ko ruwan kulorin, kashe su za a yi. A ɗauraye da ruwan tafkin, a kai wa kuɓewa.

Tace ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu mata da 'ya'yan zogale suke kwantar da laka a randa. Amma a kula, ruwan tafkin kifi ba na sha ba ne ko ya yi garau. Kwalarar 2023 a jihar Gadarif ta ishe mu darasi.

Matasanmu masu shirin shiga kiwon kifi, don Allah ku fara da birmil. Ba a fafe gora ranar tafiya.