Cinikin Mota Mai Ɓoyayyen Aibi: "Ka Gani Ka Saya" Ba Ya Kashe Haƙƙi

 

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka yawaita a tsakaninmu akwai na cinikin motocin hannu, waɗanda muke kira Beljiyam. Magidanci zai tara kuɗi shekara da shekaru, wani ma sai ya sayar da fili, ya sayi mota don iyali ko don haya. Kafin mako ya zagayo inji ya fara hayaƙi, ko giya ta ƙi shiga. In ya koma wurin dila, amsar guda ce: ai ka gani ka saya, ciniki ya ƙare. Mu kuwa muna cewa wannan magana ba ta da gurbi a shari'a, matuƙar aibin tsoho ne kuma ɓoyayye.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa, sai ya ji danshi daga ciki. Ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai ha'inci. Haka nan ya hana a bar nono ya taru a hantsar raƙuma ko akuya don a ruɗi mai saye, ya kuma ba wanda aka ruɗa damar mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na dabino. To, mene ne bambancin wannan da mayar da mitar tafiya baya, ko zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ko share fitilar gargaɗi da kwamfuta, ko wanke motar da ambaliya ta cinye a Amurka a ce lafiyayya ce?

Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓi idan abubuwa uku suka haɗu: aibin ya kasance tun kafin ya karɓi kaya, bai san da shi ba, kuma yana rage daraja ko amfani. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko dai ya riƙe kayan a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan wani sabon lahani babba ya auku a hannunsa, sai ya zaɓa: ya riƙe ya karɓi ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya ƙimar sabon. Amfanin da ya ci da motar kafin ya gano aibin nasa ne, domin da ta halaka a lokacin, shi ke da asara.

Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit, cewa ba a mayar da kaya, ba ya kare dilan da ya san aibi ya ɓoye. Dilan da bai sani ba kuwa ba shi da zunubi, amma haƙƙin mayarwa yana nan. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'ada, shi ma ya yi tarayya cikin laifin.

Sai dai mai saye ma akwai abin da ke kansa. Da zarar ya ga aibi, ya ajiye motar. Ci gaba da hawa bayan sani, ba tare da lalura ba, malamanmu suna ƙirga shi a matsayin yarda, haka ma dogon shiru babu uzuri. Kada ya bari a kwance inji kafin dila ya gani. Ya samo makaniki amintacce da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya adana rasit da lambar shasi, ya je da shaidu biyu, ya yi magana da ladabi. In an ƙi, ya kai wa shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci don sulhu. In sulhu ya faskara, akwai kotu, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Kuma ya ji tsoron Allah: taya da ta suɗe ko fenti da ya koɗe, waɗanda ido ke gani ranar ciniki, ba hujja ba ne. Ɓarnar da ya yi da hannunsa ma kada ya jingina wa dila. Mafi muni shi ne ya rufe aibin ya tura wa wani, ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi.

Ga 'yan'uwanmu dilolin mota: hadisin Hakim bin Hizam ya nuna cewa gaskiya da bayyana aibi su ke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma su ke shafe ta. Mota ba kamar shadda ba ce. Birkin da aka rufa wa asiri yana iya zama ajalin iyali guda a hanyar Kano zuwa Zariya. Faɗi aibin, rage kuɗin, ribar ta ragu amma ta tsarkaka.

Allah Ya tsarkake mana kasuwancinmu, Ya raba mu da cin haƙƙin bayinSa.