Rahoton faɗuwar manhaja daban, leƙen asirin mutane daban

1/ 'Yan uwana masu haɗa manhaja da Flutter da React Native, yau da ku nake. Mun kasu gida biyu kuma kowane gida da ciwonsa: masu sakin manhaja ba su san tana faɗuwa a wayoyin mutane ba, da masu cusa mata kayan sa ido har suna ganin abin da bai shafe su ba. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Gida na farko tukun, don nasu mai sauƙi ne. "Ai a wayata tana aiki lafiya." Malam, wayarka ɗaya ce tak. Kai kana gwaji da Samsung mai RAM giga 8. Wanda ya sauke ta a Gusau itel ce a hannunsa mai giga 2, cike da bidiyon WhatsApp, netwok na zuwa yana ɗaukewa.

3/ Kuma ba zai turo maka saƙo ba. Ta fita da kanta sau biyu, ya goge ta. In ya ji haushi sosai ya bar maka tauraro ɗaya da "ba ta yi". To daga "ba ta yi" gano min layin da ya karye in gani.

4/ Google kuwa tana ƙirgawa ko kai ba ka ƙirga ba. In masu ganin faɗuwa a rana suka haura kashi 1.09 cikin ɗari, ko masu ganin daskarewa suka haura 0.47, ka shiga layin da take kira mummunan hali, kuma za ta iya rage nuna manhajarka a Play Store. A samfurin waya guda, iyakar kashi 8 ce. Wato Tecno ɗaya kacal za ta iya ja maka gargaɗi a shafinka.

5/ Hujjar kuɗi ma babu. Crashlytics kyauta ce. Twitter ta saye ta a 2013, Google ta karɓe ta a 2017, yanzu tana cikin Firebase. Sentry na da tsarin kyauta, kuma in kana da saba za ka iya ɗora ta da kanka.

6/ Sai dai mu masu kod ɗaya na Android da iPhone, manhajarmu bene ce mai hawa biyu. Sama Dart ko JavaScript, ƙasa Kotlin ko Swift. Kowane hawa da irin faɗuwarsa, kuma wanda ya sa mai gadi a ƙasa kawai bai san wainar da ake toyawa a sama ba.

7/ Misali a Flutter, kuskuren Dart sau da yawa ba ya kashe manhaja. Jan allon nan da kake gani lokacin gwaji, a wayar mutane toka-toka yake fitowa, babu rubutu babu bayani. A wajen Android manhaja na raye, don haka ba a ƙirga shi faɗuwa ba. A wajen mai waya kuwa ta mutu. Sai ka haɗa FlutterError.onError da PlatformDispatcher.instance.onError da hannunka kafin labarin ya iso ka.

8/ Sannan fayilolin fassara. In ka matse kod kafin saki, rahoton zai zo da a.b.c a layi na 1, kamar rubutun likita. Android na son fayil ɗin R8, iPhone na son dSYM, React Native na son taswirar da ke mayar da JavaScript asalinsa. Kowane sabon saki da nasa. Ka kuma faɗar da manhajar da gangan sau ɗaya, ka sake buɗe ta, don Crashlytics sai an sake buɗewa take turawa. In ba ka ga rahoton ba, ba ka saka komai ba.

9/ Shi ke nan na gida na farko. Aikin yamma ɗaya ne. Yanzu ga waɗanda suka sa na buɗe zaren nan.

10/ Me kake buƙata don gyara faɗuwa? Samfurin waya, sigar Android, sigar manhajarka, sauran RAM, layukan da suka karye, da shafin da ake kai lokacin. A ciki ina sunan mutum? Ina lambar wayarsa? Ina NIN da BVN? Layi na 214 bai karye don sunanta Hauwa ba.

11/ Amma me ake yi? Akwai wurin saka shaidar mai amfani, setUserIdentifier, sai mutum ya zuba lambar waya ko imel a ciki don "ya fi sauƙin nema". Kwanaki a wani guruf namu wani ya turo hoton allon rahotonsa yana neman a taya shi gyara. Lambobin mutane ne jere, 080, 070, 090, a gaban mutum sama da ɗari. Aka taya shi gyara kuskuren, ba wanda ya ce uffan kan lambobin.

12/ Alhali lambar bogi da manhajar ta ƙirƙira da kanta ta isa. Da ita za ka san mutum ɗaya ne ya faɗi sau 40 ko mutum 40 ne sau ɗai-ɗai, kuma abin da kake son sani ke nan.

13/ Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shi ne sawun ƙafa. Sentry na ajiye jerin abin da ya faru kafin faɗuwa: shafin da aka shiga, adireshin da aka kira a saba, har abin da ka buga da print ko console.log. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma in adireshinka na ɗauke da lambar waya ko makullin shiga a jelarsa, ko ka manta wani print da ke zubo amsar saba gaba ɗaya, duk sun tafi kwamfutar wani kamfani a Amurka ko Turai. Kai ka aika, da hannunka.

14/ Maganin na cikin kayan aikin, ba a ɓoye yake ba. beforeSend da beforeBreadcrumb don tacewa aka yi su. sendDefaultPii a kashe yake zuwa, amma in kod ɗin daga bidiyon koyarwa ka kwafo, je ka duba ko an kunna maka.

15/ Sai uban gayya: ɗaukar allon mai waya kamar bidiyo, ka zauna kana kallon inda ya taɓa da abin da ya cike. A Fabrairun 2019 TechCrunch ta fallasa cewa manhajojin Air Canada, Expedia da Hotels.com na yin haka da kayan wani kamfani Glassbox ba tare da sun faɗa wa mutane a fili ba. A ta Air Canada rufin bai kama da kyau ba, ana iya ganin lambar fasfo da ta katin banki. Apple ta ce ko a sanar da mutane ko a cire.

16/ Kamfanin jirgin sama ke nan, mai lauyoyi da ma'aikatan tsaro, rufi ya zame masa. Kai da kake haɗa taka ƙarfe biyun dare ana gobe jarrabawa, kai ne ba zai zame wa ba? Haba.

17/ Na san amsar: "ai Sentry na rufe rubutu da hotuna da kanta." Gaskiya ne. Sai ka kalli bidiyon ka ga duk an toshe, ka kasa gane komai, ka je ka kashe rufin "na ɗan lokaci". Mun san ɗan lokacin masu kod. Ga shi kuma da datar mai waya ake loda hotunan, datar da NCC ta amince a ƙara wa kuɗi har kashi 50 a farkon 2025. Shi ke biyan kuɗin leƙensa.

18/ Amsa ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi: "ni ɗalibi ne, mutum 300 ke amfani da tawa, wa ya damu?" Ƙanƙantar ce ma matsalar. Injiniyan Google bai san kowa a cikin biliyoyinsa ba. Kai ka san naka. Manhajar adashi ce, ta ganin likita, ta tura tambaya ga malamai. Wanda ya kasa zubi wata biyu abokin yayanka ne. Wadda ta rubuta tambaya kan aurenta unguwarku ɗaya. Ka ga lambar, ka gane ta, gobe ku haɗu a gidan biki.

19/ Ba sai kana da mugun nufi ba. Ya isa a ce laftof ɗinka na buɗe a hostel, ko ka ƙara abokai uku a asusun Firebase lokacin furojet ba ka cire su ba.

20/ Ta uku: "ai sun danna sun yarda." Sun yarda da me? Da shafi goma na Turanci da ka kwafo daga wata manhajar, wanda kai kanka ba ka karanta ba? Manhajar ka yi ta da Hausa don mutanenmu su gane, amma wurin da za ka faɗa musu abin da kake kwasa sai ka koma Turancin lauyoyi. Wannan wayo ne, kuma ka sani.

21/ Doka ma ta iso. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC mai kula da ita. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Play Store kuma tun 2022 take sa kowa cike fom na bayanan da yake kwasa, rahoton faɗuwa na ciki. Abin da SDK ɗin da ka saka ya kwasa, a wuyanka yake.

22/ Dukkanmu mun zagi manhajojin bashi da ke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci, har Google ta hana su taɓa lambobin waya da hotuna a 2023. Su ma fa da "muna buƙatar bayanan don aiki" suka fara.

23/ Wani abin dariya: kayan sa idon kansu na faɗar da manhaja. A Mayu da Yulin 2020 SDK ɗin Facebook ya samu matsala, Spotify da Pinterest da Tinder suka riƙa mutuwa a iPhone da an buɗe su, ba su taɓa layi ɗaya na kod ɗinsu ba. Kai kuma ka jera guda biyar a manhajar da itel za ta ɗauka.

24/ A makaranta ba mai tambayar wannan. Ranar kare furojet, in ta buɗe a majigi ta yi kyau, an wuce wurin. Ban taɓa jin an ce wa ɗalibi "nuna mana abin da take turawa waje" ba, kuma tambayar minti ɗaya ce.

25/ Ni ga yadda nake yi. Tattara rahoto a kashe yake tun farko, sai mutum ya amsa tambaya ɗaya da Hausa: "In manhajar ta samu matsala, ka yarda ta turo mana irin wayarka da inda ta tsaya? Ba za ta turo sunanka ko lambarka ba." In ya ce e, sai setCrashlyticsCollectionEnabled ta kunna. Wasu za su ce a'a, rahoton zai ragu, na yarda da wannan asarar. Kuskuren da ke damun mutane da yawa zai fito ko da rabinsu ne suka amsa.

26/ Mai manhaja a waje, buɗe allon rahotonka yau, ka duba rahoto goma na ƙarshe, ka nemi 080 da alamar @. In ka gani, gyara kod ɗin ka saki sabuwa, ka goge na Sentry da hannu. Crashlytics kwana 90 take ajiye rahoto, kuma duk wayar da ba ta sabunta ba za ta ci gaba da turowa.