Darasin da ke cikin nasarar Farfesa Omar Yaghi

A watan Oktoban 2025 aka bayyana Farfesa Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley cikin mutum uku da suka lashe kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, tare da Susumu Kitagawa da Richard Robson.

An haifi Yaghi a 1965 a Amman, babban birnin Jodan. Iyayensa 'yan gudun hijirar Falasɗinu ne, kuma ya tashi a gidan da babu lantarki, ruwan famfo ma sai a yi kwanaki bai zo ba. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka, ya fara karatu a ƙaramar kwalejin gwamnati a jihar New York, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1990. Ya koyar a Arizona da Michigan da Los Angeles kafin ya koma Berkeley a 2012.

Aikin da ya ɗaukaka shi shi ne ƙera sinadaran da ake kira MOF, masu ƙananan ramuka birjik kamar soso. A 1999 ya samar da MOF-5, wanda faɗin cikin ramukan 'yan giram kaɗan nasa ya kai filin ƙwallo. Irin waɗannan sinadarai na iya kama iskar gas mai ɗumama duniya, wasunsu kuma su tsotsi danshin iska da dare, rana ta fito su sake shi a matsayin ruwan sha. An gwada hakan a hamadar Arizona, ya kuma yi aiki.

Fasahar ba ta kai ga maye gurbin rijiyar burtsatse ba tukuna, domin akwai batun tsada da yawan ruwan da take bayarwa. Amma ga al'ummomin Sahel da mata da yara ke tafiya mai nisa neman ruwa, abin a sa wa ido ne.

Babban darasin shi ne haƙuri. Shekara 26 ke tsakanin MOF-5 da kyautar Nobel, kuma duk tsawon lokacin ana ɗaukar nauyin binciken. Gwamnatin da ke barin ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inta babu wuta babu kayan aiki, ba ta da hujjar tambayar inda masananta suka shiga. Haka kuma yaran da ke sansanonin 'yan gudun hijira a yau, hana su makaranta asara ce da ƙasa baki ɗaya za ta biya.