Ba Jabu Ba Ne, Kashe Shi Aka Yi

A Damba, batirin sola ya mutu cikin shekara, sai a ce jabu ne. Galibi ƙazafi ne. Batirin ruwa mai amfiya 200 da bolt 12 na riƙe da wat 2,400 na awa guda, amma rabi kaɗai ne naka. Mai tatse shi ƙaf kullum yanke masa kwana yake yi. Mai haɗi kuma, wai don rangwame, ya jona faranti kai tsaye babu kwantirola, rana ta tafasa ruwan. Sannan a kulle shi a ɗaki marar taga cikin bazarar Gusau, alhali kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 na rage rabin shekarunsa.