Aiki a Bayan Mota: Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Wani sabon wa'azi ya shigo wa samarinmu ta wayar salula. Masu yin sa cewa suke zaman wuri ɗaya tsohon yayi ne: sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, mai da mota ɗakin kwana, ka shiga duniya kana aiki ta intanet, yau bakin teku, gobe gindin dutse, kuɗi na shigowa. Har a majalisun shayi na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru za ka ji ana yaba wannan rayuwa, wai ita ce 'yanci. Ni ban yarda ba. Gata ne na masu fasfo mai ƙarfi da albashin dala, aka naɗe shi a ganyen 'yanci ana sayar wa 'ya'yan talakawa.

A fara da takarda. Istoniya ta buɗe bizar irin waɗannan ma'aikata a 2020, Fotugal da Namibiya suka bi baya a 2022. Namibiya na son ganin dala 2,000 suna shigar maka duk wata, wato fiye da sefa miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi a Kamaru bai wuce sefa 60,000 ba. Neman bizar Turai kaɗai yuro 90 ne, kusan albashin watan nan cur, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Bature ya tsallaka iyaka a kira shi mai yawon buɗe ido. Ɗan Garwa ya tsallaka a kira shi baƙon haure.

Sai hanya. Mai son kwana a mota ya gwada babbar hanya mai lamba ɗaya, daga Ngaundere ya gangaro tsaunin Mbe, ya ratsa Garwa da Marwa, ya kama Mora zuwa Kusiri. Zai sha ramuka, ya sha shingayen jandarmomi da 'yan duwan. Mutanen wannan yanki ba su manta da zargina masu tare hanya ba, kuma har yau ana garkuwa da makiyaya a dazukan Mayo-Rey da Tuboro. A Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa mutum bakwai kusa da Dabanga, a kan hanyarsu daga gandun dajin Waza, kuma tun daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke daga jihar Arewa Mai Nisa. Wa zai ajiye mota a dokar daji ya buɗe kwamfuta?

Ko ya tsira da ransa, da wace wuta zai yi aikin? Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. In ruwan Binuwai ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, a garuruwan da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage zafi, ba su kashe ƙishirwa ba. Intanet kuwa a hannun hukuma yake: a 2017 an toshe shi wata uku a jihohin da ke magana da Ingilishi, a 2024 kuma aka umarci 'yan duwan su kama na'urorin intanet na Starlink.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna da masu rayuwa a kan hanya na haƙiƙa, amma babu mai ɗaukar hotonsu. Direban da ke kwaso kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena a ƙarƙashin motarsa yake kwana. Dillalin shanu a kasuwar Adumri yana tura hoton bijimi ta WhatsApp, a yi ciniki, kuɗi su shigo ta Orange Money ko MTN. Mai albasa ya san farashin Yawunde kafin ya ɗaura buhu. Mbororo na tambayar labarin ruwa da ciyawa ta waya kafin su tashi mashekari. Waɗannan su ne magadan fataken da suka kafa unguwannin Hausawa a garuruwan Adamawa. Su ke ciyar da birane, kuma su ake tatsa a kowane shinge, a kore su daga burtali, a zarge su da kowane laifi.

Za a ce mini ai baƙin nan kuɗi suke kawowa. A tambayi mutanen Lisbon da birnin Meziko, inda hayar gida ta tashi har 'yan gari suka fito zanga-zanga. Mai albashin dala ba ya jin tsadar ɗaki, maƙwabcinsa ne ke tattara kayansa. Garwa ta ga baƙi lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022 a filin Roumdé Adjia. Sun zo, sun tafi, matsalar wuta na nan inda suka same ta.

Ba aikin intanet nake suka ba. Yarinyar da ke fassara ko zana tambari daga ɗakinta a unguwar Yelwa ta Garwa ta fi mai yawo da mota amfani ga gari, domin abin da ta samu a kasuwar gari take kashe shi, ƙannenta kuma na koyo a gefenta. Abin da take buƙata sananne ne: wutar da ba ta ɗaukewa, data mai araha, hanyar karɓar kuɗin waje ba tare da an yanke rabi ba, sannan Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ta koyar da sana'ar da gaske. Ya kamata hukuma ta gyara hanyar Mora zuwa Kusiri, ta rage shingaye, ta tsare burtali. Masu wa'azin yawo kuma su fara nuna wa samari fasfonsu da takardar albashinsu kafin su ce kowa ya biyo su.