Yaro Da Kunkurun Papert

Sau da yawa uba a Landan, ko Akara, ko Jidda, yakan ga ɗansa mai shekara shida yana latsa waya da sauri, sai ya ce ai yaro ya san kwamfuta. Wannan kuwa kuskure ne. Mai latsawa yana bin hanyar da wani ya shata masa ne. Wanda ya san na'ura shi ne mai ba ta umarni ta bi.

A cikin shekara ta 1967, a ƙasar Amurka, wani masanin lissafi, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙago wani harshen umarni domin yara, suka sa masa suna Logo. Daga baya aka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai taya, wadda ake kira kunkuru, tana jan alƙalami bisa takarda. Yaro zai ce wa kunkuru ya yi gaba taki 100, ya juya dama digiri 90, ya maimaita sau 4. In ya faɗi daidai, sai ga murabba'i ya fito. In ya ce 80 maimakon 90, zanen ba zai haɗu ba.

To, a nan amfanin yake. Kunkuru ba ya duka, ba ya kuma yabon ƙarya. Abin da aka gaya masa shi yake yi. Tilas yaro ya koma kan umarninsa ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya kauce, ya gyara da kansa. Yaron da ya saba da wannan ba ya jin kunyar kuskure, nemansa yake yi. Wannan hali zai amfane shi ko da tela ko likita ya zama.

A shekara ta 2014 Ingila ta sa wannan darasi cikin manhajar makarantunta tun daga 'yan shekara 5. Amma bai kamata iyaye su bar wa makaranta kaɗai ba, gama ana iya farawa a gida ba tare da na'ura ba. Uwa ta rufe idonta, yaro ya kai ta daga ƙofar ɗaki zuwa kujera da umarni kawai, da Hausa: taki uku gaba, juya hagu, tsaya. In ya manta da juyawa, sai ta nufi bango, ya ga sakamakon maganarsa. Da haka ya sami tsarin tunani, ya kuma riƙe harshen iyayensa a baƙuwar ƙasa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.