Uwar Adashe da Masanan Nobel

Kwanakin baya wani ɗalibina ya shigo ofishina riƙe da littafin Daniel Kahneman mai suna Thinking, Fast and Slow, wanda ya saya wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin ƙofar jami'a. Ya ce shi kam ya gano ciwon mutanenmu: ba sa lissafi kafin su yanke shawara. Hujjarsa kuwa mahaifiyarsa ce, wadda ke zuba naira ɗari biyar kullum wurin uwar adashe, ƙarshen wata a mayar mata da zubin kwana ashirin da tara, a riƙe na kwana ɗaya ladan ajiya. "Malam, wane mai hankali ne zai biya a riƙe masa kuɗinsa?"

Na tambaye shi ko ya sauke littafin. Ya sunkuyar da kai.

Kahneman, wanda ya rasu a 2024, masanin halayyar ɗan Adam ne, amma a fannin tattalin arziki aka ba shi lambar Nobel a 2002, saboda aikin da suka yi da abokinsa Amos Tversky. Sun nuna cewa mutum ba sikeli ba ne. Zafin asarar naira dubu ya kusa ninka daɗin samun naira dubu, kuma yawancin hukuncinmu cikin gaggawa muke yanke shi, daga baya mu nemo masa dalili. Abin da ɗalibina ya tsallake shi ne waɗanda aka gwada: ɗaliban jami'a ne, da likitoci, har da masana ƙididdiga. Littafin bai ware talaka ba, ya haɗa da mai digiri uku irina.

Adashen ma yana da ɗan'uwa a Amurka. Richard Thaler, wanda ya karɓi tasa lambar a 2017, ya kawo labarinsa a littafin Nudge da suka rubuta da Cass Sunstein a 2008. Mutane kan buɗe asusun Kirsimeti a banki, suna zubi duk mako, ba damar cirewa sai shekara ta zo ƙarshe, kuɗin ruwan kuma bai taka kara ya karya ba. Sun san kansu ne, sai suka ɗaure hannunsu da gangan. Mahaifiyar ɗalibina ta fi su dalili. Kuɗin da ya kwana a ɗaki yana da masu shi: ga biki, ga suna, ga ɗan'uwan da ba a iya ce wa babu. In ta ce kuɗin suna wurin uwar adashe, ta faɗi gaskiya, zumunci kuma bai ɓaci ba. Zubin kwana ɗaya bai yi tsada ba a kan wannan.

Ba cewa nake yi a haɗiye duk abin da ke cikin littattafan nan ba. Kahneman ya kawo gwajin da aka ce matasa sun rage saurin tafiya bayan an sa su aiki da kalmomin tsufa; da wasu masana suka maimaita shi, sakamakon bai fito ba. A 2017 shi da kansa ya amsa cewa ya dogara fiye da kima ga bincike masu ƙarancin mahalarta. Wannan hali nasa ya ƙara masa girma a idona, sai dai kwafin da ke hannun ɗalibina bai san an yi gyara ba.

Wanda na fi so shugabanninmu su karanta shi ne binciken Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson a yammacin Kenya, wanda aka buga a 2011. Manoman sun san amfanin takin zamani, sun kuma yi niyyar saye, amma kafin lokacin zuba shi kuɗin girbi sun zurare. Sai aka je musu daidai lokacin girbi, aka sayar musu da takin a kan cikakken farashinsa, aka ɗauke musu wahalar dako kawai. Masu amfani da taki suka ƙaru, kusan daidai da ƙaruwar da aka samu da aka zaftare rabin farashi daga baya.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan hoton. Da kaka aljihun manomi ke da nauyi, a lokacin ne ake aure, ake biyan bashi. Mu kuwa sai damina ta kankama, aljihu ya bushe, sannan a buga ganga a ƙaddamar da sayar da takin tallafi, wani kasonsa ya ƙare a hannun 'yan kasuwa domin su ke da tsabar kuɗi. Ina jiran jihar da za ta gwada buɗe rumfar taki a kasuwar hatsi cikin watan Nuwamba, ko da a ƙaramar hukuma ɗaya ce, ta auna abin da zai biyo baya.

Ɗalibin nawa dai na sauya masa taken kundinsa. Zai zauna da uwayen adashe goma a unguwarsu, ya rubuto mini wa ke zubi, nawa, da abin da suke yi da kwasarsu. Na ce ya fara da mahaifiyarsa.